Dish ko data: yadda za ka rage kuɗin kallo a gidanka a Accra

Wata rana bayan sallar isha'i muna zaune a falonmu da ke Nima, mahaifiyata ta nuna talabijin da carbin da ke hannunta ta ce, "Wai nawa wannan akwatin ke ci a wata?" Na faɗa mata kuɗin dikoda. Ta girgiza kai ta ce, "Wanda yaran nan ke kallo a waya fa? Da na matarka? Su kyauta ake ba ku?" Na ce, "Hajiya, ki ba ni kwana biyu." Da na zauna na tara komai, sai na ga kuɗin dikoda bai kai rabin abin da gidan ke kashewa a kan kallo ba. Sauran duk ta waya yake zurarewa, sidi goma yau, sidi ashirin gobe, ba wanda ya taɓa haɗa shi wuri ɗaya.

Tun daga ranar nake bin hanyar da zan shimfiɗa a nan. Ba sai ka daina kallon ƙwallo ba, ba kuma sai ka hana uwargida finafinanta ba. Abin da ake nema shi ne ka san abin da kake biya, ka daina biyan abu biyu don aiki ɗaya.

Fara da tono inda kuɗin ke fita

Ɗauki takarda da biro, ba ƙwaƙwalwa ba, don ƙwaƙwalwa tana rage wa mutum lissafin abin da yake so. Buɗe saƙonnin asusun kuɗinka na waya, MoMo na MTN ko Telecel Cash, na wata uku da suka wuce, ka rubuta duk abin da ya shafi kallo: kuɗin DStv, GOtv, StarTimes ko HD+, da duk bandir ɗin data da ka saya wa kanka ko ka tura wa wani a gidan. Sannan ka duba katin banki, domin Netflix, Prime Video da ire-irensu ta nan suke cira, kuma saƙon cirar kan zo cikin dare mutum bai lura ba. Wata uku nake cewa saboda wata ɗaya yana ruɗi. Wataƙila a cikinsa aka yi biki ko aka yi tafiya.

Akwai wasu kafofi biyu da ake mantawa. Ta farko tana cikin wayar kanta. Mai Android ya buɗe Play Store, ya taɓa hotonsa a sama, ya shiga sashen biyan kuɗi. Mai iPhone ya shiga saiti ya taɓa sunansa. A can za ka ga jerin manhajojin da ke da izinin cire maka kuɗi duk wata. Ni a can na tarar da wata manhajar kallo da na gwada a lokacin da suka ce sati ɗaya kyauta ne, ashe wata huɗu suna cira ban buɗe ta ko sau ɗaya ba. Kafa ta biyu ita ce ƙananan rajistocin da ke cin kuɗin kira, irin na gajerun bidiyo da labaran ƙwallo da ke zuwa ta saƙo. Kira 100, lambar kula da abokan hulɗa ce a layukan Ghana, ka ce a karanta maka duk abin da layinka ya yi rajista a kai, a cire wanda ba ka so. Ka yi wa layin tsofaffin gida ma, don su aka fi kamawa da wannan.

Kada ka bar kuɗin gidan kallon ƙwallo da ƙanenka ke karɓa a hannunka ranar Asabar. Shi ma kallo ne.

Sai ka gano wa ke kallon me

Wannan matakin ne mutane ke tsallakewa, kuma a kansa komai ya rataya. Ajiye ƙaramin littafi kusa da rimot na sati ɗaya. Duk wanda ya kunna talabijin ya rubuta tashar da kuma tsawon lokacin. Yaran da ke makarantar boko za su yi wannan aiki da murna idan ka ɗora musu. Masu kallo a waya ba sa buƙatar littafi, wayar tana ajiye lissafin data da kowace manhaja ta sha, sai a duba a saiti.

A namu gidan, cikin tashoshi sama da ɗari da muke biya, guda bakwai kacal aka taɓa a satin. Hajiya tana kallon tashar Harami da labaran yamma. Matata tana bin wasannin kwaikwayon da ake fassarawa zuwa Twi a tashoshin gida, sai finafinan Hausa da take kallo a YouTube da wayarta. Yara katun. Ni da ƙanena ƙwallo. Da na dubi bakwai ɗin, huɗu daga ciki tashoshin kyauta ne, waɗanda ko ban biya ko fesuwa ɗaya ba zan same su. Ke nan a kan tashoshi uku nake zuba kuɗin wata.

Idan ka gama satin, raba abin da aka kalla gida biyu: abin da dole a gan shi a daidai lokacin da ake yi, kamar ƙwallo, labarai da tafsirin kai tsaye, da kuma abin da ko gobe aka kalla bai lalace ba, kamar fim da shiri mai dogon zango. Kashi na farko dish ya fi dacewa da shi. Kashi na biyu shi ne wanda intanet ke iya ɗauka da araha, idan an san yadda ake yi.

Lissafin data, inda yawancin asarar take

Duk wanda ya ce maka kallo ta intanet ya fi dish sauƙi saboda kuɗin watansa kaɗan ne, rabin magana ya faɗa. A ƙasashen da intanet ɗin gida ba shi da iyaka, haka ne. A nan Accra, inda yawancinmu bandir muke saya, kuɗin manhaja kamar kuɗin shiga mota ne kawai, data ce man da za ta sha.

Ga ma'aunin da Netflix da kansa ya bayar, kuma sauran manhajoji ba su yi nisa da shi ba. Hoto mafi ƙanƙantar inganci yana shan kimanin giga 0.3 a awa ɗaya. Matsakaici kimanin giga 0.7 zuwa 1. Hoto mai tsabta, wato HD, yana kaiwa giga 3 a awa, 4K kuwa har giga 7. A waya, idan ka kunna tsarin tattalin data, giga ɗaya na iya kai ka wajen awa shida.

To, mu ɗora wannan a kan gida. A ce iyali suna kallon awa uku a rana a babbar talabijin da hoton HD. Awa uku sau giga uku, tara ke nan a rana. Sau kwana talatin, giga 270 a wata. A watan Yulin 2025, bayan gyaran da aka yi wa bandir-bandir a faɗin ƙasa, babban bandir ɗin MTN na sidi 399 ya koma giga 214. Ka ga ke nan ko shi ba zai kai wannan gidan ƙarshen wata ba, ba a ma sa WhatsApp da TikTok da karatun yara a lissafi ba. Idan gidan nan ya sauko da hoton zuwa matsakaici, awa casa'in ɗin za su sha tsakanin giga 63 da 90. Idan kuwa mutum ɗaya ne da wayarsa, awa biyu a rana da tsarin tattali, giga goma sun ishe shi wata guda. Daga 270 zuwa 10: tazarar da ke tsakanin wanda intanet ya yi wa araha da wanda ya talauta ke nan.

Yanzu ka fitar da farashin giga ɗaya a naka aljihun. Ɗauki bandir ɗin da ka saba saya, ka raba kuɗinsa da yawan gigarsa. Wancan na 399, giga ɗaya bai kai sidi biyu ba. Ka yi wa ƙaramin bandir na sidi biyar ko goma wannan rabon, za ka ga giga ɗaya ya ninka haka sau da yawa. Abin da ke ci mini rai a nan shi ne mai ƙaramin ƙarfi, wanda ba zai iya fitar da ɗari huɗu a dunƙule ba, shi ke sayen data mafi tsada a garin nan. Ɗan koyon ɗinki a Maamobi da ke sa sidi goma kullum don ya kalli shirinsa, a wata ya kashe ɗari uku, kuma abin da ya samu bai kama ƙafar na mai sayen babban bandir ba. Idan kai ne a wannan hali, ka nemi mutum biyu ko uku da kuke kwana gida ɗaya, ku haɗa kuɗi kamar yadda ake susu, wato adashe, ku sayi babba a ƙaramin akwatin wayifai ku raba.

Ƙwallo ita ce ta fi komai shan data, saboda ba a sauke ta a ajiye, kuma hoto maras kyau ba ya nuna ƙwallon sosai. Wasa ɗaya da hutun rabin lokaci da sharhi ya kusa awa biyu, a HD giga biyar zuwa shida. Mai kallon wasa uku a sati ya sha giga sittin zuwa saba'in a wata a kan ƙwallo kaɗai. Ga kuma jinkirin da intanet ke yi: kana zaune hoto bai nuna ba, sai ka ji ihun maƙwabta masu dish sun riga ka sanin an ci.

Rubuta jimillar haka: kuɗin manhaja, a haɗa da gigar da za a sha sau farashin giga ɗaya. Wannan ne ainihin kuɗin kallo ta intanet.

Ɓangaren dish

Shi lissafinsa a fili yake, kuɗin wata ɗaya ne ko an kalla awa ɗaya ko an kwana ana kallo, ko mutum ɗaya ne a falon ko goma sha biyu. Ƙarfinsa ke nan. Rauninsa kuwa shi ne ana sayar maka da tashoshi a dunƙule, ka biya ɗari don ka samu biyar.

Kowa ya tuna takaddamar 2025. A watan Afrilu MultiChoice, kamfanin da ke da DStv, ya ƙara kashi 15 cikin ɗari a farashin DStv, sannan Ministan Sadarwa Samuel Nartey George ya nemi a rage kashi 30 bisa hujjar cewa sidi ya yi ƙarfi, har aka kai ga barazanar dakatar da lasisi. Matsayar da aka cimma ba rage lambar kuɗin ba ce. Daga 1 ga Oktoba an ɗaga kowane mai biya, ban da na Premium, zuwa kunshin da ke sama da nasa a kan kuɗin da ya saba biya. Farashin lokacin shi ne Padi sidi 59, Access 99, Family 190, Compact 380, Compact Plus 570, Premium 865. Mai biyan 190 ya samu tashoshin 380, mai biyan 570 ya samu na 865. Mutane da yawa sun yi murnar ƙarin tashoshi suka tsaya nan. Masu lura kuwa sauka suka yi mataki ɗaya, suka ci gaba da kallon abin da suka saba da kuɗin da bai kai na da ba. Darasin da za ka ɗauka: duk lokacin da aka taɓa farashi ko tsarin kunshi, ka sake duba jerin tashoshin, kada ka ci gaba da tura lambar da hannunka ya saba.

Yadda ake yi: ɗauko sunayen tashoshin nan na kuɗi da littafinka ya nuna ana kallo, ka buɗe jerin tashoshin kowane kunshi a manhajar kamfanin ko a shagon wakilinsu, ka fara daga mafi ƙanƙanta kana hawa. Inda ka fara samun tashoshinka duka, nan za ka tsaya. Idan tasha ɗaya ce tak ta sa za ka hau kunshin da ya ninka kuɗi, ka tambayi kanka sau nawa ake kallonta a wata. Idan wasa biyu ne ko uku, kujera a gidan kallo ta fi sauƙi. Ka gwada GOtv da StarTimes da wannan ma'auni, musamman idan abin da gidan ke so katun ne da finafinan Najeriya da tashoshin Hausa. Amma ka tabbatar da idonka cewa tashar Hausar da kake nema tana cikin kunshin da ake sayarwa a Ghana kafin ka biya.

Kada kuma ka raina na kyauta. GTV, TV3, UTV, Adom TV, Joy Prime, Metro TV, GHOne, Onua TV da wasu da dama suna zuwa ba kuɗin wata, ko dai ta dish ɗin Multi TV, ko ta eriya idan talabijin ɗinka na da na'urar kama tashoshin dijital a cikinta, kamar yadda yawancin sababbi ke da ita. Sau ɗaya za ka kashe kuɗin dikoda da mai ɗaurawa. Wannan shi ne tushen da nake ba kowane gida shawarar ya fara kafawa, sannan ya ɗora na kuɗi a kai gwargwadon hali. Ranar da aljihu ya yi sanyi, falon ba zai yi duhu ba.

Wuta ma tana da nata kaso, ko da yake ba shi da yawa. Talabijin matsakaiciya da dikoda suna jan kimanin wat 60 zuwa 70 a haɗe. Awa shida a rana ya kama yunit goma sha ɗaya zuwa sha uku a wata a mitar ECG. A gidan haya mai mita ɗaya, inda ake rabon kuɗin wuta da ƙidayar kayan lantarki, wannan na iya zama abin magana, sai a sani.

Ɗora lissafin biyu gefe da gefe

Yanzu kana da lambobi biyu, ka raba kowace da yawan awannin da aka kalla, ka ga nawa awa ɗaya ta kama. Gida mai mutum takwas da ke taruwa gaban talabijin ɗaya daga la'asar zuwa dare, dish zai yi masa nasara kusan kullum. Saurayi ko budurwa mai ɗaki ɗaya a Madina ko Fadama, da ke fita tun asuba sai dare, kallonsa a trotro ne, wato motar haya, da kan katifa, biyan dish asara ce gare shi. Tsarin waya na Netflix, wanda shi ne mafi araha a tsare-tsarensu, ko ma YouTube kaɗai ya wadatar. Gidan da ya riga ya ja fayiba, wato wayar intanet ta gida, saboda aiki ko karatu, shi lissafinsa daban ne, tunda an riga an biya intanet ɗin, kuɗin manhaja kawai zai ƙara. Irin wannan gidan ne ya kamata ya tambayi kansa ko har yanzu yana buƙatar babban kunshin dish. Amma ka ja fayiba ko ka sayi Starlink, wanda ya fara aiki a Ghana a 2024, don kallon fim kawai, wannan ba tattali ba ne.

Yawancin gidajen zango a tsakiya suke, kamar namu. Abin da muka tsaya a kai shi ne tashoshin kyauta ga kowa, kunshin dish daidai da ƙwallo a lokacin ƙwallo, sai manhaja ɗaya tak a kowane lokaci.

Biya da kalanda

Biyan wata ba aure ba ne. Sai dai in ka sa hannu a wata yarjejeniya ta dogon lokaci, dikoda ba ta cin tara don ka bar ta wata ɗaya ba ka biya ba, haka ma manhajojin kallo. Gasar Firimiya ta Ingila tana farawa a Agusta ta ƙare a Mayu. Yuni da Yuli, idan ba shekarar babbar gasa ba ce, me kake biya wa kunshin ƙwallo? Sauka ƙasa ko ka kashe gaba ɗaya. Ka nemi sauyin kunshin kafin ranar biya, sannan ka tura kuɗin sabon kunshin daidai, domin idan ka tura kuɗi kawai ba ka sauya ba, na'urarsu na iya ɗauka tsohon kake nufi.

Watan azumi shi ne na biyu. A gidanmu daga ganin wata zuwa sallah ba a kallon fim. Da rana aiki, da yamma tafsiri, da dare asham. Abin da ake buƙata, tafsirin malamai da sallar Harami, yana samuwa kyauta a rediyo, a tashoshin gida da YouTube. Shekaru muna biyan cikakken kuɗi a wannan wata ba mai kallo. Yanzu kuɗin yana tafiya wajen sukari da gero. Lokacin jarrabawar BECE ko WASSCE ma, idan akwai mai rubutawa a gida, wata ne na kashewa. Wata uku zuwa huɗu ke nan a shekara, kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin.

Manhajoji kuwa bi da bi ake yi musu. Kada ka riƙe biyu a wata ɗaya. Tara sunayen abin da kuke son gani a wannan, ku biya wata guda ku kalle su, ku rufe, wata mai zuwa a koma waccan. Dabarar da ta fi yi mini aiki ita ce in soke rajistar a ranar da na biya. Sokewa ba ta yanke kallo nan take, kana ci gaba har ƙarshen kwanakin da ka biya, sai dai ba za a sake cira ba sai ka dawo da kanka. Goge manhaja daga waya ba sokewa ba ne. Wannan kuskuren ya ci kuɗin mutane da yawa.

Ka kuma lura da wanda ake cajinsa da dala. Sidi ya faɗi daga kusan shida a kan dala a farkon 2022 zuwa kusan sha biyar kafin ƙarshen shekarar, sannan a 2025 ya farfaɗo daga sama da sha biyar zuwa wajen goma cikin 'yan watanni. Farashin da ke rubuce a manhaja bai motsa ba, amma abin da banki ke cira yana hawa yana sauka, ga kuma ɗan kason da banki ke ɗorawa na canji. Lambar da ke saƙon banki ita za ka rubuta a littafi. Idan za ka iya, ka ware kati ko asusu na daban da ba a ajiye kuɗi a ciki sai daidai na watan.

Toshe yoyon data

Wannan aikin minti goma ne. A kowace waya ta gidan, shiga saitin YouTube ka sa ingancin hoto a tsarin tattali. A allon waya 360 ko 480 ya isa, ido ba ya ganin bambanci sosai. A Netflix ka yi haka a kowane suna da ke cikin asusun, don saitin na kowa daban ne. Kashe tsarin da ke sa wani bidiyo ya fara da kansa bayan wani ya ƙare, domin shi ke shanye bandir idan barci ya kwashe mai kallo. Sannan ka koyi saukewa: bandir ɗin dare, wanda ke aiki daga sha biyu zuwa asuba, ya fi na rana araha nesa ba kusa ba. Sa wayar a caji, ka jera abin da za a kalla gobe ya sauka, da safe a kalla ba tare da data ba. Matata ta fi ni ƙwarewa a wannan, sati guda take tarawa a dare ɗaya. Yara kuma, da ke maimaita katun ɗaya sau ashirin, a sauke musu sau ɗaya. Idan za ka ba talabijin intanet daga wayarka, ka sani ita mafi tsabtar hoto take ɗauka da kanta, sai ka rage mata da hannu.

Arahar da ke da ƙugiya

Za ka haɗu da masu cewa su ba ka asusun Netflix a kuɗi kaɗan, ko akwatin da ke buɗe duk tashoshin duniya da biya ɗaya. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Na taɓa sayen irin wannan asusu a hannun wani yaro, kwana tara ya yi aiki aka canza lambar sirri, wayarsa kuma ta daina shiga. Wasu asusun ma na sata ne, da katin wani bawan Allah aka buɗe su. Tun 2023 Netflix ya tsaurara a kan raba asusu tsakanin gidaje daban-daban, don haka rabon da ke ɗorewa shi ne na mutanen da ke ƙarƙashin rufi ɗaya. Manhajojin ƙwallon sata kuwa data suke sha fiye da kima, suna yankewa a tsakiyar wasa, wasu kuma suna neman izinin shiga saƙonninka, a wayar da MoMo ɗinka ke ciki.

Akwai kuma wadda ta shafe mu kai tsaye, mu masu 'yan'uwa a Kano da Legas: kawo dikoda mai rajistar Najeriya a riƙa biya da naira saboda ta fi sauƙi. A takaddamar 2025 an ambaci wannan a fili a matsayin abin da hukuma da kamfanin za su haɗa hannu su daƙile. Ranar da aka rufe ta ba ka da ofishin da za ka kai ƙara a Accra, kuɗin dikoda da na wata sun tafi.

Kada ka sauke dish daga rufi

Ko da lissafi ya nuna maka intanet ya fi, bar farantin a inda yake. Ranar 14 ga Maris 2024, azumi bai fi kwana uku ko huɗu da kamawa ba, wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Yammacin Afirka, Ghana ta wayi gari intanet na rarrafe, aka ɗauki kwanaki kafin ya daidaita. A layinmu, gidajen da suka dogara da waya kaɗai sun rasa ko labarai. Da yammar nan maƙwabta uku suka shigo falonmu bayan buɗa-baki, aka shimfiɗa tabarma har bakin ƙofa, Hajiya tana miƙa musu koko, muna kallon tashar gida ta dish. Shi ma dish yana da ranarsa: idan hadarin Mayu da Yuni ya haɗo, hoto kan daskare har ruwa ya tsagaita, a nan abin da ka sauke a waya ke amfani. Iskar teku kuma tana cin ƙarfe a Accra, don haka sau ɗaya a shekara, kafin damina, ka sa mai gyara ya hau ya ɗaure kusoshi ya duba wayar da ta tsage. Hoton da ke yankewa sau da yawa daga nan ne, ba sai an sayi sabuwar dikoda ba.

Abu na ƙarshe, ɗauki kalandar da ke rataye a falo ka zagaye ranar da kowane biya ke ƙarewa, ka sa ƙararrawa a waya kwana biyu kafin ranar. Idan ta buga, ka tambayi mutanen gida abin da za a kalla a wata mai zuwa kafin ka danna *170#, lambar biya ta MoMo. A namu gidan Hajiya ce ke riƙe da littafin yanzu, kuma ba a tura kuɗin dikoda sai ta buɗe shi ta ga abin da aka kalla a watan da ya wuce.